Baful ɗin baya a ƙaramin ɗakin kallo: wanne za ka saya, ina za ka maƙala shi

Wani abokina a Sabon Gari nan Damagaram ya kira ni wai in zo in ji kayan sautin da ya haɗa, amfili (na'urar da ke tura ma baful sauti) mai kai bakwai, wufa ƙato (baful ɗin ƙasan sauti), tele mai faɗi, duk a ɗakin da bai wuce mita 3 da rabi a faɗi mita 4 a tsawo ba. Na zauna a ƙarshen kujera, aka sa fim, wallahi minti goma ban yi ba kunnena na hagu ya fara zafi, duk wani ruwan sama da iska da harbin bindiga a cikin kunne ɗaya suke zuba, na dama kuwa shiru kamar ba a saya mishi komai ba. Kayan ba su da laifi ko kaɗan. Baful ɗin baya ne ya ɗora a kan teburi dab da kafaɗar mutum, wasu biyun kuma ya jingina su a bango daidai ƙeya, kujerar kuma ta manne da bangon. Tun ranar nike son in rubuta wannan, don yawancinmu ɗakunan da muke ware ma kallo irin wannan girman ne, kuma kujera a jikin bango muke tura ta saboda a samu wurin wucewa.

Baful nike cewa, ƴan Kano su ce sifika, abu ɗaya ne.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne sunan. A tsarin 5.1, wato baful biyar da wufa ɗaya, baful biyun da muke kira na baya ba a bayan kai ake ajiye su ba, gefe ne da ɗan komawa baya. Ka ɗauka kana zaune a tsakiyar agogon bango, tele na kan ƙarfe 12. Na gaba biyu suna wajen ƙarfe 11 da ƙarfe 1, digiri 30 kenan kowane gefe. Na kewaye biyu kuma, ƙa'idar da masu haɗa sautin fim ke bi ta ce digiri 110, an yarda daga 100 zuwa 120, wato ka wuce ƙarfe 3 amma kada ka wuce ƙarfe 4, a ɗaya gefen kuma tsakanin ƙarfe 8 da 9. A ɗaki mai faɗin mita 3 da rabi in kana zaune a tsakiya, wannan lissafin yana faɗuwa ne a bangon gefe, kamar santimita 60 a bayan layin kunnenka. Shi 7.1, baful bakwai da wufa, shi ne ke da na baya na gaskiya, a nan na gefe sai su dawo digiri 90 zuwa 110, a ƙara wasu biyu a digiri 135 zuwa 150, wajen ƙarfe 5 da ƙarfe 7.

To 5.1 ko 7.1? A ƙaramin ɗaki ni ban ma tsaya dogon tunani. In babu aƙalla mita ɗaya tsakanin bayan kujera da bango, ka bar 7.1 ga masu babban salo. In akwai mita ɗayan, ka sa su a bangon baya da tazarar mita 2 tsakaninsu, digiri 135 ya fito daidai, za su yi aiki. Amma ɗakin mita 4 in ka ciro kujera mita ɗaya, ka cire kaurin kujerar, ka cire wurin tele da baful ɗin gaba, abin da ya rage maka ka zo ka zauna kamar mai gadin tele. Ga shi kuma mafi yawan abin da muke kallo ba a kai bakwai aka haɗa shi ba, wasu ma ko biyar ba su kai ba. Kuɗin baful biyun nan ƙari da wayarsu in ka zuba su a kan biyu masu kyau ko a kan wufa ka fi ganin amfaninsu. Amfili mai kai bakwai ba ya jin haushi don ka jona mishi biyar, ka shiga cikin saitin ka gaya mishi babu na baya, shi zai mayar da sautinsu cikin na gefe, ba abin da ke ɓacewa.

Yanzu sai zaɓin irin baful ɗin, kuma nan ne maganar take da tsawo.

Na farko shi ne mai fuska ɗaya, wanda kowa ya sani, ƙaramin akwati da ke harba sauti gaba kai tsaye. Shi ya fi samuwa, ko a Kasuwar Dole ko a cikin kayan da ake kawowa daga Kano ko Kwatano, shi ya fi araha, kuma shi ya fi nuna maka daga ina sauti ya fito. In mota ta wuce ta bayan hagu a fim ko a gem, za ka ji ta a bayan hagu ɗin ba wai ko'ina ba. Wanda ke kallo shi kaɗai ko su biyu a tsakiyar kujera, wannan ya ishe shi har ya yi yawa. Matsalarshi ɗaya ce amma babba, ba ya son kusanci. Sauti yana raguwa da kamar desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) duk sanda nisa ya ninka. Wanda ke ƙarshen kujera in baful ɗin kusa da shi yana mita 1, na can gefen yana mita 2 da rabi, bambancin ya kai desibel 8, ga kuma ɗabi'ar kunne cewa sautin da ya riga isowa shi yake ɗauka a matsayin tushe, sai na nesan ya ɓace mishi gaba ɗaya. Abin da ya same ni a gidan abokina kenan.

Na biyu mai fuska biyu masu tafiya tare, a kwali za ka ga an rubuta bipole. Akwatin yana da bakuna biyu, ɗaya na kallon gaba-gaba ɗaya na kallon baya-baya, su biyun suna turo iska a lokaci ɗaya. Sautin sai ya bazu, ba ya zuwa maka kamar tocila a ido, ya fi kama da fitilar da aka rataye ta haske ɗaki. Ga ɗakin da mutum uku huɗu ke jeruwa a kujera ɗaya, kuma bango yana kusa, wannan shi na fi so, domin na ƙarshen kujera ba ya shan wahala sosai, na tsakiya kuma bai rasa inda sauti ya fito ba duk da dai bai kai mai fuska ɗaya kaifi ba. Yawancinsu an yi su ne don a maƙala a bango, ba su da kauri, ba wanda zai buge su da kai. In kujerarka ba ta da yadda za ta matsa daga bango, ana iya sa su a bangon bayan ma, kowane can wajen kusurwa sama da kai, su watsa sauti ta gefe. Wahalarsu samuwa. Sabo sai ka yi oda, na hannu kuma sai ka yi sa'a, in ka gani guda biyu iri ɗaya lafiyayyu kada ka tsaya dogon ciniki.

Na uku kamanninshi ɗaya da na biyu, shi ya sa ake cutar mutane ko su cuci kansu, a kwalinshi dipole aka rubuta. Shi bakunan biyu saɓani suke yi, in wannan ya turo wancan ya ja, to a daidai tsakiyarsu sai sautin ya kashe juna, a nan ake so mai kallo ya zauna, ba ya jin baful ɗin kai tsaye sai abin da ya dawo daga bango. Dabarar tana da tarihi. Zamanin Dolby Pro Logic da ya fito a 1987, sautin kewaye layi ɗaya ne tak ake raba ma baful biyu, kuma an yanke shi daga wajen 100 zuwa 7,000 na hertz (ma'aunin kauri da sirantar sauti), aikinshi kawai ya ba ka iska da amon wuri kamar jerin baful ɗin bangon silima, shi ya sa THX, kamfanin da ke kafa ƙa'idojin sautin silima, suka riƙa ba da shawarar wannan irin. Da Dolby Digital ya zo a 1992 kowane gefe ya samu layinshi cikakke, daga baya Atmos ya shigo silima a 2012 ya shigo gidaje a 2014 da sauti mai yawo wuri-wuri, sai ya zama ana son baful ɗin da ke nuna wuri, wanda ke ɓoye wuri kuma kasuwarshi ta ja baya. Ba wai ya mutu ba ne, a ƙaramin ɗaki har yanzu yana da daɗin ji, amma yana da sharuɗɗa da yawa: dole ya zama daidai gefen kunne ƙarfe 3 da ƙarfe 9, dole akwai bango gaba da baya da zai dawo da sautin, akwai na hagu akwai na dama ba a musanya su, ƙasan sautinshi kuma ba ƙarfi. Kujera a jikin bango, bakin da ke kallon baya ba shi da inda zai yi wasa. In ka samu wanda ke da maɓallin juyawa tsakanin iri biyun, ka saya ka bar shi a kan bipole.

Sai marasa waya da ke zuwa da sandar sauti, dogon baful ɗin nan da ake ajiyewa a ƙasan tele, irin na Samsung, LG, Sony da JBL. Sunan ne kawai, waya zuwa gaba ce babu, amma yawancinsu kowane ɗaya na son wuta, wasu kuma akwai ƙaramin akwati da za ka jona a piriz sannan ka ja waya daga gare shi zuwa baful biyun. Akwai masu batiri da ake ɓallewa daga jikin sandar, waɗannan kuma caji ne aikinka. Ga ɗan haya wanda mai gida ya hana shi huda bango, ko wanda ba ya son ya ga waya ta ratsa ɗaki, zaɓi ne mai kyau kuma ba ya buƙatar ilimi. Sai dai ka san ka ɗaure kanka, na wannan kamfani ba ya aiki da sandar wancan, wani lokaci ko a kamfani ɗaya sai samfurin ya dace, in ɗaya ya ƙone lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi ba za ka shiga kasuwa ka ɗauko kowane ka maye ba. Baful mai waya ba ruwanshi da wuta, amfili kaɗai za ka tsare da regilato. Mai amfani da sola ma ya lissafa, abu uku ne ke jan batiri maimakon ɗaya.

Na cikin silin ban ba da shawara ba don aikin kewaye. Sautin daga sama yake zubowa ba daga gefe ba, in rufin kankare ne ba wurin hudawa, in kwano ne kuma zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin a watan Afirilu da ƙurar hunturu sun ishi baful bala'i. Ka bar silin ga ranar da za ka yi Atmos, shi ne ke amfani da baful a sama.

Duk wanda ka zaɓa, tsayin da ka ba shi ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Mutum zaune a kujera kunnenshi na wajen mita 1 daga ƙasa ko sama da haka kaɗan. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a ɗaga baful ɗin kewaye kamar santimita 60 sama da kunne, kenan wajen mita 1.6 zuwa 1.7. Masu Atmos su ce a sauko da shi kusa da kunne don a samu rata tsakaninshi da na sama, gaskiyarsu, amma wanda ba shi da na sama kuma ɗakinshi ƙarami ne ɗagawar ta fi mishi. Ba don nisa kaɗai ba, in ka lissafa kamar ɗaya kawai ɗagawar ke ragewa daga bambancin nan na desibel 8. Amfaninta na gaske biyu ne, kan mutumin da ke gefenka ba ya tare maka sauti, sannan bakin baful ɗin ya daina kallon kunnen na kusa. A nan akwai dabarar da ba a biya mata ko dala: ka juya baful ɗin hagu ya kalli mutumin da ke ƙarshen dama, na dama ya kalli na ƙarshen hagu. Siririn sauti ya fi ƙarfi a daidai inda baki ke kallo, to na nesa ya samu kaifin, na kusa ya samu gefen, sai abin ya ɗan daidaita. Kuma kada ka kai shi can dab da silin, sauti zai koma kamar na lasifikar masallaci.

Wani abu da littafin da ke cikin kwali ba zai gaya maka ba, mu nan ba kowa ke zama a kujera ba. Ranar wasan ƙwallo ko lokacin kokawa rabin ɗakin a kan kafet suke, yara a gaba, manya sun jingina da ƙafar kujera. Baful ɗin da ke kan teburi a gefen kujera hannun kujerar ma ya tare musu shi. Wanda ke bango a mita ɗaya da rabi kowa na samun rabonshi, kuma hannun yaro ba ya kaiwa ya lotsa mishi ido da yatsa, wanda ke da yara ya san abin da nike nufi.

Kujerar kuma, don Allah ka ciro ta ko da santimita 40 zuwa 50. Kai dab da bango ƙasan sauti taruwa yake, wufa ya riƙa buga maka gum gum ba daɗi, ga sautin gaba na dawowa daga bangon cikin kunne nan take. In ka ciro ta ka samu wurin da baful zai koma bayan kunne kaɗan, ko digiri 100 ka samu ya yi. In ba hali sam, to ka sa su a bangon gefe daidai kunne a ɗage, ka rataya labule mai kauri ko darduma a bangon da ke bayan kai. Ɗakunanmu na siminti da karo amo ne da su kamar cikin randa, ka tafa hannu ka ji. Ɗakin laka ma ya fi su lafawa, sai dai shi ƙusa ba ta riƙe nauyi a jikinshi, gara mai walda ya yi maka ƙafa ta ƙarfe mai faɗin gindi ka ɗora a kai. In ƙofa ko taga ta faɗo daidai inda baful ɗaya zai zauna, ka matsa da shi, ka matsa da ɗan uwanshi ma daidai haka, su zama a layi ɗaya ya fi a ce ɗaya na daidai ɗaya ya karkace.

Wajen saye akwai tarko guda biyu uku. Ƙananan baful ɗin da ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urar DVD da yawansu om 3 ne (lambar da ke nuna irin nauyin da baful ke ɗora ma amfili), amfili na gaske kuma galibi om 6 zuwa sama yake so, in ka jona su ka ƙure murya zai yi zafi ya kashe kanshi, a zafin garin nan ma ba sai ka ƙure ba. Ka juya bayan baful ka karanta, 6 ko 8 kake nema. Lambar wat ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali kada ta ɗauke maka hankali, na kewaye ba su ne ke ɗaukar nauyin fim ba. In za ka manna shi a bango ka guji mai rami a baya, ka nemi rufaffe ko mai rami a gaba. In da hali ya zama gida ɗaya da na gabanka don muryarsu ta zo ɗaya, in ba hali ba komai, a baya kunne ba ya tsananta bincike kamar a gaba, amma su biyun dole su zama tagwaye. Na hannu kuma ka taɓa zoben da ke kewaye da bakin, in na soso ne ya fara marmashewa ka ajiye musu kayansu. Amfilin da ya fito daga Amurka 120 yake ci, wutarmu 220, ka duba kafin ka jona.

Waya ta tagulla mai kaurin 1.5 na murabba'in milimita ta isa irin wannan ɗaki, tunda da ƙyar za ka wuce mita 10 ko da ka bi ta gindin bango. Akwai mai arha da alminiyom ce aka shafa mata tagulla, ka kankare ta da wuƙa in cikin ya yi fari ita ce, in ita ka samu ka ɗauki mai kauri sama da haka. Ja a ja, baƙi a baƙi, duka gefen biyu. In alamar ta goge, ka taɓa wayar da batirin tocila na 1.5 na ɗan lokaci, in bakin baful ya turo waje to wayar da ke ɓangaren + na batirin ita ce ja. Ka sa ta cikin maƙalin roba, ɓera ba ya tambayar nawa ka saya.

Bayan an maƙala saura saiti, kuma nan mutane ke gajiya su bari. Sauti na tafiyar kamar santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, baful ɗin kewaye ya fi na gaba kusa da kai, to in ba ka gaya ma amfili nisan kowane ba sautin baya zai riga na gaba isowa. Ka ɗauko mita ka auna daga inda kanka yake ka shigar. Amfilin Denon da Marantz na zuwa da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer na da MCACC, duk tsarin da amfili ke yi ma kanshi saiti ne, ka kafa ƙaramin makirfon a tsayin kunne, ka kashe fanka da kilim, ka kori yara, ka bar shi ya yi ƙararshi. In na hannu ka saya makirfon ɗin ya ɓata, ka kunna sautin gwaji ka daidaita da manhajar auna ƙara a waya har kowane baful ya ba da lamba ɗaya. A saitin amfili ka sa baful ɗin a matsayin ƙanana, mararrabar ƙasan sauti a hertz 80, in ƴan mitsi-mitsi ne kamar gwangwanin madara ka kai ta 120, wufa ya ɗauki sauran. In har yanzu na ƙarshen kujera na ƙorafi ka rage su desibel 1 ko 2.

Kuma kada ka ce sun lalace don ka ji su shiru. Labarai, wa'azi, yawancin abin da ke YouTube har da fina-finanmu na Hausa sauti ne mai layi biyu, ba abin da aka tura baya, sai in ka kunna Dolby Surround ko DTS Neural:X ko tsohon Pro Logic II amfili ya ɗebo amon ya kai musu. Ko fim mai 5.1 ne, in tele ɗinka na fitar da PCM mai layi biyu ta wayar haske ko ta HDMI ARC to biyu za ka samu, ka shiga saitin sautin tele ka mayar da shi Dolby Digital ko ka bar shi ya wuce yadda ya zo, ka duba fuskar amfili ka ga ta nuna layi biyar da wufa.

Shi abokin nawa a ƙarshe biyun da ke ƙeya ya cire ya kai shago yana jin radiyo da su, biyun gefe muka ɗaga su mita 1.6 muka juya kowane ya kalli ƙarshen kujera na can, kujerar muka ciro ta taku biyu. Uwargida ta ce an cinye mata wurin ajiye tabarmi, sai muka nuna mata ratar bayan kujerar, can suke yanzu a naɗe.